A-kori-kura mai dizal ko mai lantarki, ga yadda nake kallon abin

Tun da aka fara fito da a-kori-kura masu amfani da lantarki gardama ta ƙi ƙarewa, duk inda masu mota da masu ɗaukar kaya suka haɗu sai an taɓo ta, wannan ya ce dizal ya gama yayi, wancan ya ce mota mai batir ai ba ta aikin ƙarfi ba ce, ta yawon gari ce kawai. Abin da ke damuna a ciki shi ne mutumin da ya zo tsakani da Allah yana neman shawara, ga kuɗinsa da ya daɗe yana tarawa, kuma motar nan ita ce za ta zama hanyar cin abincinsa na shekaru, shi ne ake bari cikin ruɗani kowa na ja masa hannu. Ni na daɗe ina tuƙa mai dizal kuma ina son ta har zuciyata, na kuma samu na tuƙa mai lantarki har na gane halinta, toh idan mutum ya tambaye ni wacce zai saya ba na fara masa da sunan kamfani, tambaya biyu nake masa tukuna: a ina motar za ta riƙa kwana, sannan me za ta riƙa ja kuma zuwa ina. Wallahi kusan duk amsar tana cikin waɗannan biyun, sauran maganganun ƙari ne.

Bari in fara da maganar ja, don a nan gizo ke saƙa. Lita ɗaya ta dizal tana ɗauke da makamashi kusan yunit 10 na wuta, ina nufin yunit irin wanda mitar gida ke ƙirgawa, wato kWh. Toyota Hilux tankinta lita 80 ne, kaga kenan idan ka cika shi kana yawo da kusan yunit 800 a ƙarƙashin bodi. Ford F-150 Lightning kuwa, wadda ta fito a 2022, babban batirinta yunit 131 ne, ƙaramin kuma 98. Idan ka mayar da 131 ɗin nan zuwa dizal bai wuce lita 13 ba. Lita 13 fa ɗan'uwa! Amma da wannan ɗan abin take tafiyar kilomita 515 a gwajin hukumar kare muhalli ta Amurka, saboda injin lantarki ba ya asara, sama da kashi 80 cikin 100 na abin da ya zuƙa daga batir yana kai shi ga taya, shi kuwa injin dizal duk ƙwarewarsa kashi 30 zuwa 40 ne ke zama tafiya, ragowar zafi ne da ke fita ta salansa da lagireto. Toh wannan shi ne abin burgewar mai lantarki, kuma shi ne rauninta a lokaci guda, don ba ta da rara, ɗan abin da take da shi ta riga ta tatse shi ƙarƙaf, duk wani ƙarin wahala da ka ɗora mata nan take za ka gan shi a lissafin kilomita.

Kuma babbar wahalar ba nauyi ba ce kamar yadda mutane ke zato, iska ce. Ka loda mata buhunan siminti a baya, za ta ɗan ƙara shan wuta amma ba wani abin tayar da hankali ba, don nauyin da ta sha wahalar tayarwa tana dawo da wani kaso nasa idan ka saki totur, injin ya koma janareta yana mayar da wuta cikin batir. Amma ka ɗaura mata doguwar tirela mai tsayi, irin ta dawakai ko ta shanu ko wadda ake kwana a ciki, ka hau babban titi kana gudun 100 ko 110, toh a nan ne za ka ga batir yana zubewa a idonka, saboda turjiyar iska ba a hankali take ƙaruwa ba, idan ka ninka gudu sau biyu ita sau huɗu take ninkuwa, kuma wannan makamashin ya tafi kenan, babu birkin da zai dawo maka da shi. Waɗanda suka gwada jan manyan tireloli da irin waɗannan motoci abu ɗaya suke samu, tafiyar tana raguwa zuwa rabi, wani lokacin ma ta fi haka raguwa. Yanzu yi lissafin da kanka: 515 ta koma wajen 260. Sannan a hanya ba a cika batir zuwa 100, daga kashi 80 cajin yake komawa tafiyar hawainiya don kare batirin, kuma ba mai hankalin da zai bari ya sauka ƙasa da kashi 10 da kaya a bayansa, kaga abin da ya rage maka tsakanin tsayawa da tsayawa bai wuce kilomita 180 ba, kowace tsayawa kuma minti 40 ko fiye, idan cajar tana aiki kuma babu layi. Ga wani abin haushin da ba kowa ke tunawa ba, yawancin wuraren caji an gina su ne don ƙananan motoci, shiga ake da gaba ko da baya kamar wurin fakin, kenan sai ka kwance tirelar ka ajiye ta gefe, ka yi caji, ka dawo ka sake ɗaurawa, wanda ya taɓa ɗaura tirela shi kaɗai cikin ruwan sama ya san abin da nake nufi.

Masu kare lantarki za su ce ai ita ma mai dizal tana ƙara shan mai idan tana ja, kuma gaskiyarsu ce, ita ma iskar ba ta ƙyale ta ba, motar da ke shan lita 9 ko 10 a kilomita 100 za ta iya komawa 15 ko sama da haka. Bambancin shi ne rabin 800 har yanzu abu ne mai yawa, kuma cika tanki minti 5 ne ba tare da ka kwance komai ba, kuma idan za ka shiga inda babu gidan mai sai ka cika jarkoki biyu ka ɗaure a baya shikenan. Babu jarkar da ake ɗura wuta a ciki. Shi ya sa duk wanda aikinsa jan kaya masu nauyi ne zuwa nesa kusan kowane mako, ko shiga daji da gonaki masu nisa da wuraren haƙar ma'adinai inda wayar wuta ba ta kai ba, ba na ɓata masa lokaci, dizal nake ce masa ya saya, kuma ba na jin kunyar faɗin haka ko a gaban wa.

Amma fa kar wani ya ɗauka rashin ƙarfi ne matsalar mai lantarki, a nan masu dizal da yawa suke kuskure. Ƙarfin murɗa taya, wanda ake aunawa da Nm, na Lightning ya kai Nm 1,050, na Hilux mai inji 2.8 da giya otomatik Nm 500 ne, kuma mai lantarki tana ba da nata ne tun daga tsaye, ba sai inji ya ɗauki zugi ba, ba sai tabo mai hura wa inji iska ta cika ba, babu canjin giya babu kuloci, kana taka totur kawai za ka ji ta ɗauki kayan kamar ba komai. An ba ta izinin jan kusan tan 4.5. Tashi a kan tudu da kaya, ko yin ribas da tirela a lungu mai matsi inda kake buƙatar motsi kaɗan-kaɗan, gaskiya ban ga abin da ya kai ta daɗi ba, ga shiru, kana jin muryar wanda ke maka jagora a baya ba sai ya yi ta ihu ba. A gangara ma tana riƙe kanta da injin, birki ya huta, sai dai a kula da abu ɗaya, idan batir ya cika taf babu inda wutar za ta koma, kenan riƙon nan yana raguwa sosai, wanda gidansa ke saman dutse kuma da gangara yake fara fita da safe bai kamata ya riƙa cikawa zuwa 100 ba.

Abin da ake biya a madadin wannan ƙarfin shi ne nauyi. Batir abu ne mai nauyin gaske, na GMC Hummer EV shi kaɗai ya kai kilo 1,300, nauyin ƙaramar mota sukutum, motar gaba ɗaya ta haura tan 4. Chevrolet Silverado EV ta magance matsalar nisa da batir na wajen yunit 200, tana wuce kilomita 700, amma ita ma tana neman tan 4. Kuma kowace mota akwai iyakar nauyin da shasi da taya da birki za su ɗauka, duk kilon da batir ya cinye an rage shi ne daga kayan da za ka loda, sannan taya tana saurin cinyewa, sannan a yashi ko taɓo mota mai nauyi ta fi saurin nutsewa kuma ta fi wuyar cirowa. Ka dubi abin da Isuzu suka yi da D-Max ɗinsu mai lantarki, sun dage sai ta ɗauki tan 1 a baya ta ja tan 3.5 kamar 'yar'uwarta mai dizal, toh dole suka sa mata batir matsakaici na yunit 66.9, tafiyarta a gwajin Turai kilomita 263 ce, ba kaya ba tirela. Ni ban ga laifinsu ba, abin da lissafi ya bayar kenan, ko dai ka samu nisa ka rasa lodi ko ka samu lodi ka rasa nisa, har sai ranar da aka samo batir mai sauƙin nauyi.

Toh yanzu bari in juyo kan dizal, don akwai maganar da masoyanta ba sa son ji kuma ni ina ganin ita ce ta fi cutar da mutane a aljihu. Yardar da muka yi wa dizal mun gaje ta ne daga tsofaffin injuna, Hilux tun 1968 ake ƙera ta kuma sunan da ta yi na rashin mutuwa ta yi shi ne a zamanin da inji ƙarfe ne da famfo da nozul, babu kwamfuta, kowane bakanike zai kwance ya ɗaure. Sabuwar mai dizal wata halitta ce daban. Man yana shiga ne da matsin da ya kai bar 2,000, wato kusan ninki 2,000 na matsin iskar da ke kewaye da mu, ta ƙofofi sirara kamar gashin kai, ɗan ruwa ko datti a cikin mai ya isa ya kashe injekta da famfo gaba ɗaya. Akwai bawul ɗin EGR da ke mayar da hayaƙi cikin inji, yana tara baƙin kunkunniya. Akwai matatar DPF a salansa da ke kama kunkunniyar hayaƙi, wadda dokar hayaƙi ta Turai ta sa ta zama dole tun wajen 2009, ita kuma sai ta yi zafin kusan digiri 600 take ƙone abin da ta tara, kuma ba ta samun wannan zafin sai motar ta yi tafiya mai ɗan tsawo a buɗaɗɗen titi ba tsayawa. Akwai ruwan AdBlue, sinadarin yuriya kashi 32.5 gauraye da ruwa, wanda idan ya ƙare motoci da yawa ba za su ƙara tashi ba sai an zuba. Duk waɗannan an sa su ne don a rage guba, abu ne mai kyau, amma suna da sharaɗi: motar tana son tafiya mai nisa, tana son kaya, tana son inji ya gasu.

Yanzu ka ɗauki mai aikin famfo ko mai haɗa wayar wuta ko kafinta ko mai raba kaya shago-shago, wanda yininsa kilomita 5 nan, tsaya, kilomita 8 can, tsaya, cunkoso, inji na aiki a tsaye don esi, bai taɓa barin gari ba sai jefi-jefi. Wannan bawan Allah idan ya sayi sabuwar mai dizal yana kashe ta ne a hankali bai sani ba, matatar za ta toshe, fitila ta kama a dashbod, motar ta rage wa kanta ƙarfi, ƙonawar da aka yi ta katsewa ta sa dizal ya riƙa gangarawa cikin baƙin mai, ya koma yana juye kafin lokaci, ƙarshe a ce sai an wanke matata ko a canja ta, kuma ba abu ne mai araha ba. Shi ne ainihin mutumin da aka yi mai lantarki dominsa, tsaya-tafi ɗin da ke kashe dizal ita a nan ta fi tsimi, a tsaye ba ta cin komai in ban da ɗan abin da esi ke ja, babu juye, babu filtar mai, babu bel, babu salansa, birkinta yana daɗewa. Kuma abin da na lura shi ne irin waɗannan mutanen sun fi masu jan tirela yawa nesa ba kusa ba, sai dai kowa idan zai sayi mota yana saya ne don tafiyar da yake mafarkin yi sau ɗaya a shekara, yana mantawa da wadda yake yi kullum. Tafiyar shekara-shekara ana iya hayar mota a yi ta a dawo.

Sai tambaya ta farko, wurin kwana, wadda a wurina ta fi komai nauyi. Duk ribar mai lantarki a cajin gida take. Idan kana da gareji ko tsakar gida ko wurin aiki da za ka kafa caja, kuma wutar tana zama, toh kullum da safe za ka tashi da mota a cike ba ka je ko'ina ba, kuma da wutar da ta fi kowace araha. Amma ka san girman abin da kake shirin ɗorawa gidanka, soket na bango na yau da kullum kilowat 2 da ɗoriya yake bayarwa, batir mai yunit 131 zai ɗauki sama da awa 50 kafin ya cika daga ƙasa, cajar bango mai kilowat 7 kuma wajen awa 19. Kar wannan ya tsorata ka, ba kullum ake farawa daga sifili ba, abin da ka kashe da rana shi kaɗai kake mayarwa, wanda ya yi kilomita 100 ya ci wajen yunit 30, awa 4 zuwa 5 ta ishe shi a cajar bango yana barci. Sai dai a kira ƙwararren mai haɗa wuta ya duba wayoyin gidan kafin komai, don jan kilowat 7 awa da awanni ba tsayawa ba irin jan firji ko talabijin ba ne, tsohuwar waya za ta yi zafi, kuma don Allah kar a yi caji da doguwar wayar ƙari irin ta cikin ɗaki. Mai tunanin sola shi ma ya yi lissafi, yunit 30 a rana ba aikin faifai uku ko huɗu ba ne, kuma rana tana fitowa ne a daidai lokacin da motar ba ta gida.

Wanda kuwa yake gidan haya, ko a bakin titi yake ajiye mota, ko wutar unguwarsu ba ta da tabbas, toh ya tsaya ya yi tunani sosai, don idan rayuwarka za ta dogara da cajar kasuwa mai sauri, kuɗin yunit a can yakan ninka na gida, har ribar da kake hange ta narke ta dawo daidai da sayen dizal ko ma ta wuce, ga ɓata lokaci a kai, an gudu ba a tsira ba kenan. Lissafin ba wuya, kowa zai iya yi a waya: a kilomita 100 mai dizal tana shan lita 9 zuwa 10, babbar mai lantarki tana cin yunit wajen 30, ka ƙara kashi 10 na asarar caji. Ka ninka kowanne da farashin inda kake, ka ninka da kilomitan da kake yi a shekara, ka ƙara kuɗin sabis da inshora, sannan ka duba bambancin kuɗin saye, don mai lantarki yawanci ta fi tsada a farko, ka ga shekara nawa za ta ɗauka kafin kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Mai yawan tafiya da cajin gida zai ga abin ya dawo da wuri, mai fita jefi-jefi zai iya ganin bai dawo ba har ya sayar.

Maganar mutuwar batir ita ce kowa ke fara jefo min, kuma na fahimci tsoron, don duk mun ga yadda batirin waya ke lalacewa. Amma na mota ba haka aka bar shi ba, akwai ruwan sanyaya shi, akwai kwamfutar da ke hana shi cika fiye da kima ko ƙarewa tas, kuma yawancin kamfanoni suna ba da garantin shekara 8 ko kilomita 160,000, cewa ba zai sauka ƙasa da kashi 70 na ƙarfinsa ba. Ba mutuwar farat ɗaya yake yi ba, raguwa yake a hankali. Abin da ya tsana shi ne zafi mai tsanani, da barin sa a cike taf kwana da kwanaki, da yawan cajin sauri yana da zafi. Akwai nau'in LFP wanda babu kobalt babu nikel a cikinsa, ya fi jure cikawa zuwa 100 kuma ya fi daɗewa, sai dai ya fi nauyi, ka tambayi wane iri ne a motar kafin ka biya. A wurina abin tsoron gaske ba batirin ba ne, mai gyara ne. Wutar da ke cikin motocin nan bolt 400 ce, wasu 800, ba abin da za a sa hannu da ka ba ne, kashe mutum take. Idan wakilin kamfanin da ke da kayan aiki da horarrun ma'aikata yana da nisan yini guda daga inda kake, ko kayan gyara sai an jira wata da watanni, toh motar aiki da ke ajiye asara ce kullum komai kyanta. Rivian R1T ta fara fita a 2021, Tesla Cybertruck a ƙarshen 2023, duk jiya-jiya ne, ba su kai shekarun da za a ce ga yadda tsufansu yake ba, kuma farashinsu a kasuwar na hannu yana saurin faɗuwa fiye da na mai dizal, wanda ba daɗi ga mai sayen sabuwa, amma dama ce ga mai neman ta hannu idan ya sa an auna masa lafiyar batirin a rubuce.

Akwai wani alheri da ba a cika ambata ba kuma ga mai aikin hannu zai iya zama shi ne dalilin sayen gaba ɗaya, motar kanta janareta ce. Lightning tana iya ba da wuta har kilowat 9.6 ta soket-soket da ke jikinta, ka jona zarto, injin walda, famfon ruwa, fitilu, a wurin ginin da ba a kai wuta ba, ba ƙara ba hayaƙi, kuma idan an haɗa gida yadda ya dace tana iya riƙe shi in wuta ta ɗauke. Inda inji yake a gaba kuma ya zama but mai murfi na lita 400, kayan aiki su kwana a kulle ruwa bai taɓa su ba. Sai dai a tuna wutar da ka kashe a wurin aiki daga ta komawa gida ka cire.

Sanyi da zafi ba zan daɗe a kai ba, sanyi mai tsanani yana rage wa batir tafiya sosai saboda hita daga jikinsa take ci, shi ma dizal yana daskarewa ya toshe filta idan ba na hunturu aka zuba ba, kowacce da nata.

Hayaƙi kuwa ba zan tsallake shi ba don abin yana taɓa ni. Kowace lita ta dizal da aka ƙona tana sakin wajen kilo 2.6 na iskar kabon, kuma a 2012 hukumar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin dizal cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa. Wanda ke shaƙar sa ba wani na nesa ba ne, yaron motarka ne da ke lodi a baya inji na aiki, da yaran da ke tsaye bakin hanya daidai tsayin salansa. Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ga an cire matatar DPF an toshe EGR wai don mota ta huta, motar ta huta huhun mutane ya ɗauka. Ita ma mai lantarki ba fara tas ba ce, ƙera babban batir yana fitar da hayaƙi mai yawa tun kafin ta taka titi, kusan kashi 70 na kobalt ɗin duniya daga Kwango yake fitowa kuma an san irin wahalar da masu haƙar hannu ke sha a can, sannan idan wutar da kake caji da ita daga kwal take toh hayaƙin yana can tashar yana tashi. Duk da haka idan aka bi tsawon rayuwar mota, mai lantarkin da ake mora sosai tana biyan wannan bashin ta wuce, musamman inda wutar ta ruwa ce ko ta rana ko ta iska. Wadda ba ta biya ita ce ƙatuwa mai tan 4 da aka saya don ado tana kwana a gareji.

Wasu za su ce toh me zai hana a ɗauki mai haɗin biyu, wato mai inji da batirin caji a tare, kuma tambaya ce mai kyau. BYD Shark 6 da ta fito a 2024 tana da batir na kusan yunit 30 da ƙaramin injin fetur 1.5, za ka yi zirga-zirgar gari da wuta, tafiya mai nisa inji ya karɓa, amma tan 2.5 aka ba ta izinin ja. Ford Ranger mai caji batirinta ƙarami ne, yunit 11.8, amma ta riƙe izinin jan tan 3.5 ɗinta. Duka biyun fetur suke sha ba dizal ba, kuma idan batir ya sauka kana jan kaya a babban titi shan mansu ba zai yi maka daɗi ba. Ga wanda kwana shida yana gari ranar bakwai yana hanya suna da ma'ana sosai, da sharaɗin zai riƙa jona ta kullum da dare, idan ba zai jona ba ya sayi nauyin batir ne kawai yana yawo da shi, ga juye da sabis na inji suna nan ba su tafi ba.

Abin da nake roƙon duk mai shirin saye shi ne kar ya yi gaggawa, ya ɗauki wata ɗaya ko biyu yana rubuta kilomitan kowace rana a motar da yake da ita yanzu, da abin da ya ɗauka, da ranar da ya ja tirela da inda ya kai ta, da awa nawa motar ta yi a ajiye kusa da wuta. Ba matsakaicin rana za ka duba ba, ranar da ta fi wahala cikin waɗanda suke maimaituwa za ka duba, idan mai lantarki za ta iya wannan ranar da ragowar kashi 20 ko 30 a batir, ka kuma cire mata abin da tsufa zai rage nan da shekaru, toh ta isar maka. Sannan kar ka yarda da lambar da ke jikin takardar talla ko ɗan zagayen minti goma da dillali zai ba ka motar ba kaya, gani ya kori ji, ka nemi a ba ka ita yini guda ko ka yi hayar irinta, ka ɗaura tirelarka ta gaske da kayanka na gaske, ka bi hanyar da ka saba bi da gudun da ka saba yi, esi a kunne, ka duba yunit nawa dashbod ya nuna ta ci a kilomita 100, ka raba girman batirin da shi, ka ninka da 100, kilomitan da za ta kai ka kenan. Ka kuma tsaya a cajar da ke kan hanyar ka gwada ta da hannunka ka ga ko tana aiki kuma ko tirela na shiga. Mai dizal ɗin ma haka, idan ta hannu ce a jona mata kwamfuta a ga yawan tokar da ke cikin matata da yaushe ta ƙona ta ƙarshe, a leƙa ƙarƙashi a tabbatar ba a yanke ta an yi walda ba, a kuma tayar da injin da sassafe yana da sanyi kana tsaye a wurin.